Yadda Za Ka Yi Wa Surukarka Tafinta a Gaban Likita da Turancin Tsintuwa

Kai da ka bar makaranta tun Turanci bai gama gane fuskarka ba, kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci za ka shiga asibiti da surukarka, ka fito dangin matarka suna ba ka hanya. Hanyar gwadajjiya ce. Wani tela ya bi ta daga farko har ƙarshe, kuma yana nan da ransa. Abokan shagonsa suna kiransa Bikos, don ba ya iya ƙarasa magana sai ya jefa "because" a ciki, ko da kuwa gaisuwa ce.

Mataki na 1: Ka fara cika baki tun a gida

Kada ka jira a tambaye ka. Tun yana neman aure Bikos ya riƙa ɗaga waya a ƙofar gidan surukansa yana cewa "okay, okay, no problem", alhali babu kowa a kan layin. Haka sunansa ya fita a dangi. To, da gwiwar Inna, mahaifiyar matarsa, ta kumbura har ta hana ta barci, aka kuma ji cewa sabon likitan ƙashi baƙo ne, ba ya jin Hausa, ba a ma yi shawara ba. Matarsa ta goge masa riga tana murmushi, ta ce yau dai Inna za ta ga amfanin surukinta. Bikos ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Kai ma haka za ka ce.

Mataki na 2: Ka kori duk wanda ya fi ka sani

A kowane asibiti akwai mai son ɓata maka shiri. A ƙofar ɗakin likita wata nas ta ce idan suna so za ta shiga ta fassara musu. Bikos ya dube ta sama da ƙasa, ya ce ta je ta taimaki marasa ilimi. Ta ɗaga kafaɗa ta wuce. Tun a wajen yankar kati ma, da aka tambaye shi suna da Turanci, nasa ya faɗa, don shi aka tambaya. Masu hankali sun san cewa amsa da sauri ta fi amsa daidai kwarjini.

Mataki na 3: Ka cika aljihu da mahaɗai

Turanci ɗinki ne, kuma zarensa "and", "but", "so" da "because". Idan kana da zare, ƙyallen ba dole ba ne. Da suka shiga, likita ya nuna musu kujeru ya yi wata doguwar magana. Bikos bai tsinci komai ba, sai ya gyara zama ya ce, "Yes, doctor, and so, but because." Likita ya tsaya yana jiran ragowar. Babu ragowa. Inna kuwa ta gyaɗa kai, ta ji daɗi an fara da ƙarfi.

Mataki na 4: Ka girmama na gaba da kai, ko Turanci ya so ko ya ƙi

Malamai za su ce maka mace ɗaya "she" ake ce mata. Rashin tarbiyya ne. Yaushe mutum zai dubi uwar matarsa ya ce "ita"? Bikos ya san a gida "su Inna" ake cewa, don haka ya ɗauko "they". Likita ya leƙa bayansu, ya leƙa ƙofa, yana neman sauran marasa lafiyan. Idan ka ga haka, kada ka rikice. Kai ka kiyaye ladabi, shi ya ji da ƙidaya.

Mataki na 5: Ka mayar da komai abin da ya wuce

Magana a kan abin da ya shuɗe ta fi nauyi a kunne. Ka liƙa "ed" a wutsiyar kowace kalma, ka yawaita "was". Bikos ya so ya gaya wa likita cewa surukarsa mutuniyar kirki ce, a gidansa take zaune, amma ciwo ya gama da ita. Ga abin da ya fito: "My mother-in-law was good woman, and they lived in my house, but they finished."

Likita ya ajiye biro. Ya miƙe, ya kama hannun Bikos da hannu biyu, ya yi masa ta'aziyyar surukarsa cikin sanyin murya, ga surukar zaune tana gyara mayafi.

"Baban yara, me yake cewa?" in ji Inna.

"Yana gaishe ku ne, Inna. Ya ce ya daɗe yana jin labarinku."

Inna ta ce Allah ya yi masa albarka, da ganinsa ɗan mutunci ne.

Mataki na 6: Ka ɗauki ciwon mutane a bakinka

Daga nan likita ya ɗauka tsohuwar rakiya ta yi wa mai makoki. Inna ta shiga bayani: gwiwarta na zafi, ba ta barci, ba ta iya durƙuso. Bikos, da ya ga "they" ta jawo leƙe-leƙe, sai ya sauya dabara, ya riƙa sauke maganarta yadda ta fito. Ta ce "ni", ya ce "I". "I no sleeped, because my knee pained me, and I cried."

Likita ya sa aka naɗe wa Bikos ƙafar wando, ya danna gwiwar da babban yatsa. Mutumin da ya wuni yana taka keken ɗinki tun yana saurayi ba ya rasa tsami a gwiwa. Bikos ya yi ƙara. Likita ya gyaɗa kai ya yi rubutu. Inna ta tambaya me ya sa tasa ake dubawa, ya ce mata haka tsarin likitocin waje yake, ta jikin na kusa suke gano ciwon babba.

Mataki na 7: Idan ka ga allura, ka tuna mutuncinka

Nas ɗin da ya kora ce ta shigo da tire. Ta duba kati, ta kira sunansa, ta ja labule. A nan Bikos ya tsaya ya auna. In ya faɗi gaskiya, kafin la'asar duk dangin matarsa sun ji, har jikoki. In ya yi shiru, allura ce kawai. Ya dubi Inna, ya ga yadda take kallonsa da alfahari, ya shige bayan labule yana kwance mazagi. Nas ta tambaye shi da Hausa mai daɗi ko yana da abin faɗa. Ya ce, "No, because." Ta soka.

Mataki na 8: Ka karɓi yabo da hannu biyu

Ƙwayoyin da aka rubuta masa na ciwon gwiwa ne, sai ya miƙa wa Inna. Ta sha, kumburi ya sauka, ta samu barci. Ba gidan da ba ta shiga ba tana ba da labarin surukin da ya karɓar mata allura ba tare da ta roƙa ba. Matarsa ta riƙa tafiya kamar ba za ta taka ƙasa ba. Ka gani? Na gaya maka hanyar tana aiki.

Ba a jima ba Inna ta leƙo shagonsa da ƙanwar mijinta, wadda ta dafe kumatu da gefen mayafi.

"Baban yara, ga Goggonku. Haƙori ne ya hana ta sakat, an ce sai an cire. Ta rantse ba za ta je da kowa ba sai kai."

Bikos ya dubi Goggo, ya dubi abokan shagonsa da suka tsayar da kekunansu suna sauraro. Ya ajiye almakashi, ya ce, "No problem."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba malamin Turanci ba ne, kuma bai taɓa raka kowa asibiti ba. Duk allura, ɗinki ko giɓin da ya same ka sanadiyyar bin matakan nan, tsakaninka ne da surukarka, babu hannuna. Mai neman ƙarin bayani ya je layin teloli ya nemi Bikos. Ba sai ka tambayi kowa ba, shi ne wanda yake rufe baki da hannu idan zai yi dariya.