Daraktan Saga

Ko da zan manta ranar da aka ɗaura mini aure, ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da buhun shinkafa ya tona mini asiri a gaban dukan ma'aikatan bironmu ba.

Ni mai tsaron magaza ne, wato ɗakin ajiyar kaya, a wata gidauniyar taimakon manoma a nan Yamai. Shekara goma sha tara makullin yana aljihuna. Wanda ke samana, daraktan ayyuka, sunansa Salisu, ɗan unguwarmu ne a garin Tawa. Tare muka shiga lakwal, wato makarantar boko, ni na tsaya a hanya, shi ya zarce. Da ya zo Yamai neman aiki, tabarmata ya kwana a unguwar Kirkissoye wata bakwai, kuma ni na kai takardunsa biro, wato ofishinmu, da hannuna. Yau shi ke sa hannu kafin in fid da ko da buhun taki ɗaya. (In ka ce hassada nake yi, ban musa ba. Kai ma da za ka yi.)

Abin da ya fi ci mini rai, mutumin bai ma iya zama darakta ba. Siriri ne, kullum ƴar shat da takalmin roba. Ni kuwa Allah ya ba ni tumbi da murya, jiki dai na shugabanci, sai aka kai muƙamin wani gida.

Wata Alhamis ya ce in raka shi Saga wurin masu noman shinkafa, don shi bai jin Zabarmanci, ni kuwa matata Bazabarma ce. Na zuba babbar rigata ta shadda har da hula zanna. Muna isa Salisu ya naɗe wando ya faɗa cikin fadama yana duba hanyar ruwa. Ni na tsaya inuwa.

Sai ga dattawa. Babbansu, wani tsoho mai suna Baba Hima, ya dubi wanda ke cikin taɓo, ya dubi rigata, ya sa aka kawo mini kujera. Ya ce da Zabarmanci, "Sannu da zuwa, darakta."

Kalma ɗaya ta isa in gyara zancen. Sai na gyara zama.

Ya ce, "Wancan na cikin ruwa fa?"

Na ce, "Yarona ne. Yana da ƙoƙari, sai dai sai ana nuna masa."

Wallahi ban taɓa jin daɗin magana a bakina kamar wannan ba. Suka kawo kukansu: injin ban-ruwansu ya mutu, shinkafa na shirin ƙonewa. Na ɗaga hannu na ce su ɗauka sun samu sabo. Da Salisu ya fito ya tambaye ni me suka ce, na ce gaisuwa ce kawai, ka san Zabarmawa da doguwar gaisuwa.

Ran Litinin muna tsakar taron mako, har Hajiya shugabar gidauniya ta zo, sai mai gadi ya leƙo ya ce ga baƙi daga Saga suna neman darakta. Salisu ya miƙe ya tarye su a bakin ƙofa, ya miƙa hannu. Baba Hima ya ba shi hannun a gurguje, ya nuna buhun shinkafar da suka sauke daga taksi, ya yi masa magana, ya wuce shi ya nufo ni.

Ni kuwa ranar rigar aiki ce a jikina, duk ƙurar taki.

Hajiya ta ce da Ramatu sakatariya, "Me tsohon ya ce?"

Ramatu Bazabarma ce, kuma tun ranar da na hana ta kwalin sabulu take jirana. Ta ce, "Cewa ya yi, yaro, ɗauki buhun nan ka kai wa maigidanka, tukwicin injin da ya yi mana alkawari." Ba ta rage ko wasali ba.

Na roƙi Allah ya sa Salisu ya yi faɗa. Bai yi ba. Ya sunkuya ya ɗauki buhun a kafaɗa, ya zo ya dire shi gabana, ya ce, "Ga shi, Yaya. Sai ka gaya musu yaushe injin zai iso, tunda kai ka yi alkawari."

Da bakina, da Zabarmancin da nake taƙama da shi, na gaya wa dattawan nan cewa ni ba kowa ba ne, mai tsaron magaza ne, wancan da ya ɗauki buhu shi ne darakta. Ramatu tana mayar wa sauran da Hausa, a hankali, kamar mai karanta labarai a rediyo.

Baba Hima ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce, "To injin, yana cikin magazar?"

Na ce akwai guda biyu.

"Makullin yana hannun wa?"

Na ce nawa.

Ya ce, "To mu ina ruwanmu da sunan da kuke kiran juna. Tashi ka buɗe."

Hajiya ta yi dariya har ta cire tabarau. Ashe tun da ya fito daga taɓon nan Salisu ya rubuta sunan Saga a takardar waɗanda za a ba injin, ya ga nasu ya mutu da idonsa, bai buƙaci tafinta ba. Ya sa hannu, na buɗe, na kuma taya ɗorawa a mota.

Ba a kore ni ba, ko takardar gargaɗi ban samu ba, kuma wannan ne ban yafe masa ba har yau. Da ya wulaƙanta ni da na samu abin ba da labari a fadarmu ta hira. Sai ya bar ni da alherinsa da kuma sunan da har mai gadi ke kirana da shi, Daraktan Saga. Shinkafar ma cewa ya yi in kai gida. Mun ci, tana da daɗi, abin haushi.

Abin da na koya shi ne, in za ka ari kujerar mutum, ka fara tabbatar waɗanda suka miƙo maka ita ba su san hanyar bironku ba. Babbar rigar kuwa tana cikin akwati, sai Juma'a.