Ranar da Bayana Ya Ƙi Miƙewa a Gaban Likitoci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a gaban likitocin Kaduna ba, ko kuwa in ce ranar da tsayuwar ta gagare ni.

'Yan shekaru ne kafin Turawa su tafi. Ina ƙaramin ma'aikaci a sashen gashin ƙashi na wani asibiti. Aikinmu mu gasa, mu yi tausa, mu koya wa wanda aka cire wa filasta yadda zai sake lanƙwasa gaɓarsa. Sauran ma'aikata "masu tausa" suke ce mana. Har magana ta fara yawo cewa za a mai da ɗakinmu sito, don babban likita, wani Bature, ya ce bai ga shaidar amfaninmu ba.

Ni kuwa na lura da wani abu. Majinyatanmu ba ruwansu da ma'aunin da muke ɗora musu a gwiwa. Tambayarsu ɗaya ce: yaushe zan iya sujada? Duk wanda na ɗora motsa jikinsa a kan wannan buri, daga sunkuyo zuwa durƙuso zuwa zama a kan ƙafa, sai ya dage da yi a gida, ya riga saura warkewa. Na ce wa Malam Garba, babbanmu a ɗakin, ya kamata mu bi abin sosai, mu gwada, mu kai wa likitoci.

"Bincike na masu digiri ne," in ji shi. "Kai dai riƙe tawul ɗinka."

Wata Baturiya da ke shugabantar sashen gaba ɗaya ce ta mara mini baya. Muka yi watanni muna bin majinyata, har aka ba mu dama a taron likitoci. Na gayyato Malam Habu, wani dattijon malamin allo na Kurmin Mashi, wanda mota ta taɓa bugewa a bakin Babbar Kasuwa. Da ƙafa kamar taɓarya ya zo mana, a zaune yake sallah, abin na cin ransa. Shirinmu shi ne ni in yi bayani, shi ya nuna.

To, a nan kaina ya kumbura. Na haddace jawabi da Turanci (matata ta sha jin sa har ta iya rabi, ita da ba ta jin Turanci). Da na ga fararen riguna sun jeru suna saurarona, sai zuciya ta ce mini ai bai kamata tsoho ya kwashe yabon ba. Na ce ni zan fara nunawa. Na sunkuya da ƙarfi lokaci guda, gwiwa a sandare, daidai abin da kullum nake hana mutane. Sai na ji ƙas a ƙuguna.

Na nemi miƙewa, bayana ya ce bai san zancen ba. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ci gaba da jawabi a sunkuye, kamar da gangan nake, ina yi wa takalman likitoci lacca. Gumi na ɗiga a siminti, Turancin na tsiyayewa da shi. Wani likita ya yi tari, irin tarin da kowa ya san dariya ce. Daga can bayan ɗaki na jiyo Malam Garba yana salati.

Sai Malam Habu ya taso. Ya ajiye sandarsa, ya durƙusa, ya naɗe ƙafar nan ya zauna a kanta don ya ga fuskata.

"Ɗana, kada ka yi kokawa da shi," ya ce. "Ja numfashi. Lanƙwasa gwiwa tukun, sannan ka dafa kafaɗata."

Maganata ce ya mayar mini, ba ragi. Muka miƙe tare, shi ke tallafe da ni.

Babban likita da hannunsa ya sa wa ƙafar filasta, ya san yadda take. Ya taso ya lalubi gwiwar, ya sa tafinta ya roƙi Malam ya sake. Malam ya durƙusa ya miƙe, ya ƙara. Aka tambaye shi wa ya koya masa.

"Wannan yaron," ya ce. "Aikinsa ya fi bayansa ƙwari."

Dariyar da aka danne ta ɓalle, har da tafi. A ranar aka bar mana ɗakinmu, aka kuma ce mu faɗaɗa binciken zuwa ɗakin mata. Wanda ya fara cewa a sa shi a ciki, Malam Garba ne. Shi ya gasa mini baya har na warke, yana yi yana tambayata ko ni ma in shiga sahun waɗanda ake gwaji a kansu.

Tun daga nan, in na kawo shaida sai in ja gefe in bar ta ta yi magana. Kuma ko kwabo ne ya faɗi, in da mutane a wurin, sai in bar wa mai rabo.