Rasuwar Dogo, Keken da Ke Tsallakar da Yara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da ban saba ji a bakina ba, ni Malam Zailani, malamin aji uku a makarantar 'yan Arewa da ke Asata a nan Enugu, nake sanar da iyayen yara, da 'yan kasuwa, da maƙwabtanmu na arziki, rasuwar kekena, wanda yara ke kira Dogo. Ya rasu ranar Larabar da ta wuce, lokacin tashi daga makaranta, a tsakiyar titin da ke gaban ƙofarmu, yana bakin aikinsa.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a Kano, a hannun mahaifina. Ya zo Kudu a ɗaure a saman motar albasa, kuma sai da ya sha damina biyu kafin warin ya rabu da sirdinsa. Tun daga nan muke tare. Kullum shi ke ɗauko ni daga unguwar Uwani, kuma duk wanda ya san garin nan ya san babu hanyar da ba ta da hawa. Idan tudu ya fi ƙarfinmu sai in sauka, mu taka kafaɗa da kafaɗa, ba mai ganin laifin wani. Bai taɓa neman mai ba. Bai taɓa watsa wa mai tafiya a ƙasa ruwan kwata ba. Bai taɓa shiga hannun da ba nasa ba a kan titi. Maganarsa guda ce tun da na san shi, kiriring, kuma ko ita ba ya yin ta sai da dalili.

Babban aikinsa ba ɗaukar ni ba ne. Titin makarantarmu gangara ne, babu tudun rage gudu, babu farin zanen tsallakawa, babu allon da ke nuna akwai yara. Gidajen yawancin ɗalibanmu kuwa suna ɗaya gefen. Don haka idan an tashi, sai in tura Dogo tsakiyar titi, in kafa shi a gicciye, in ɗaura masa jan ƙyalle a hannu. Sai ya ce kiriring, kiriring. Masu keke-napep su yi ta mita da Turancin buroka, masu bas su danna oda, amma dai su tsaya. Yara su tsallaka bibbiyu, hannu cikin hannu. Shekara da shekaru haka muke, kuma ko farcen yaro ɗaya bai taɓa karyewa ba.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar nan motoci sun tsaya kamar kullum, yara sun kusa gama tsallakawa. Sai wata tifa mai ruwan ɗorawa, shaƙe da yashi, ta fito daga bayan layi, ta bi hannun masu tahowa don ta wuce kowa. Direban yana riƙe da waya a kunne. A daidai lokacin takalmin Ikram, 'yar Arzika mai albasa, wadda ke aji ɗaya, ya cire a tsakiyar titi, ta juyo za ta ɗauka. Dogo ne tsakaninta da tifar. Shi aka fara duka. Ƙarar ce ta sa direban ya farga ya murɗe sitiyari, ni kuma na samu na fizgo yarinyar da hijabinta. Tayar gaba ta hau marigayin, ta baya ta ƙarasa shi. Bai ce kiriring ba. Abin da na ji shi ne ƙaras, sau ɗaya.

Direban ya leƙa madubi. Na ga ya leƙa. Ya ɗaga mana hannu kamar mai gaida surukai, ya ƙara wuta.

Bappa mai faci, wanda ya daɗe yana duba lafiyar marigayin, ya zo da kayan aikinsa, bai ko buɗe su ba. Ya ce gadon baya ya karye gida biyu, ƙafafun sun naɗe, kaca ta tsinke, sai haƙuri.

Dogo ya rasu ya bar ƙararrawarsa, wadda muka tsinta a bakin kwata lafiya lau. Ya bar famfon iska da ya tsufa tare da shi. Ya bar ni, ina biyan kuɗin mota kamar baƙo. Ya bar yaran makaranta gaba ɗaya, waɗanda yanzu nake tsallakar da su da hannuna a ɗage, direbobi kuma sun nuna mini ba sa jin nauyin hannun malami kamar yadda suke jin nauyin ƙarfen da zai goge musu fenti. Ikram ba ta dawo ba. Mahaifiyarta ta aiko cewa gara yarinyar ta zauna a rumfar albasa da rai da ta je neman ilimi a dawo da takalminta. Wasu iyayen sun bi ta. Kujeru sun fara yin fili a ajina, kuma ba ni da bakin da zan ce musu sun yi kuskure.

Yanzu ga direban, in akwai mai karanta masa. Ɗana, tun da na fara koyarwa ban taɓa ɗaga bulala ba, har iyaye na ƙorafin na cika sanyi. Yaron da ya zuba mini tawada a babbar riga na yafe masa kafin ya buɗe baki. Kai ban yafe ba. Ba don keken ba kaɗai, don wannan hannun da ka ɗaga. Allah ya haɗa ka da cunkoson bakin kasuwar Ogbete a tsakar rana, ba ruwa a lagireto. Allah ya sa tayarka ta sace a inda ba mai faci, idan kuma akwai, ya zama Bappa ne. Allah ya sa wayar nan ta faɗa cikin miyarka. Ba na roƙon wani abu ya taɓa lafiyarka ko ta 'ya'yanka, don ina son ka daɗe a duniya kana bin titin nan. Ka kuma sani, masu lodin yashi da masu shayi da masu wankin mota na garin nan, da yawansu ni na koya musu haruffa. Sun ga fitilar hagun tifarka da Dogo ya fasa. Na hana su taɓa ka. Na dai ce duk inda ka tsaya, su gaishe ka, su yi maka ta'aziyyar Dogo, a gaban mutane, da ladabi.

Game da jana'iza, na so in bi al'adarmu ta gaggawa, in miƙa gawar ga 'yan gwangwan kafin la'asar. Mama Nkechi, mai sayar da okpa, wato alalar gurjiya, a ƙofar makaranta, ita ta riƙe mini hannu. Ta ce a wajensu ba a binne dattijo a guje, ana ajiye shi har dangi su taru a yi masa kabarin da ya dace da shi. Na yi shekaru ina mamakin wannan al'ada ta maƙwabtanmu, yau ga shi na are ta. Gawar tana kwance a bakin ƙofa a kan ɗanyen ganye, irin wanda ake zubawa a titi idan mota ta lalace, kuma a nan ake karɓar gaisuwa. Liman ya ce ƙarfe ba ya buƙatar salla, don haka kada kowa ya zo da alwala saboda shi.

Kwamitin iyaye ya kai kuka ga hukuma, an kuma ba mu izinin gina tudun rage gudu. Za a binne Dogo ranar Asabar da hantsi, a cikin tudun, a gicciye, a daidai inda ya saba tsayawa. Masu zuwa kada su kawo goro ko masa. A zo da siminti, da tsakuwa, da farin fenti na zanen tsallakawa. Yashi kaɗai ba mu nema, mun bar wa direban wannan, ko Allah zai sa ya ji kunya. In bai kawo ba, Arzika ya ce zai kawo.

Da ta ji labarin tudun, mahaifiyar Ikram ta yi alkawarin rako ta da kanta ranar Litinin, ta ga kabarin da idonta. Yarinyar ce za ta kaɗa ƙararrawar Dogo idan an tashi.

Shi kuwa direban, na bincika, ba shi da wata hanya zuwa inda yake juye yashi sai wannan. Safe da yamma zai iso kabarin Dogo, ya taka birki, tifarsa ta rusuna, sannan ya wuce. Ranar da ya manta bai gaishe shi ba, marigayin zai tuna masa, ta ƙashin bayansa.