Ludayin da Ba Ya Cika Kwanon Mai Shi

Ko zan manta da komai na shekarun nan masu tsanani, ba zan taɓa manta wata ranar Talata ba, ranar da na zauna a zauren gidanmu, bakina cike da fate, na kira mahaifiyata sakarai ban sani ba.

Lokacin na gama kwalejin ilimi a Kano, na yi yawon neman aiki har takalmina ya cinye, na dawo ƙauyenmu da ke gefen Makoda da takardar shaida a cikin leda. Shekarar ce abinci ya yi tashin gwauron zabi, man fetur kuma ya gagari talaka. Babanmu ya daɗe da rasuwa, ƙannena mata duk suna gidajen mazajensu, saboda haka daga ni sai Inna a gidan. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta faɗar sunana, Mai Takarda take ce mini (ban taɓa tantancewa ko yabo ne ko zolaya ba).

Abu guda na kawo daga birni ban da takardar: wani wasa da abokin kwanana a makaranta ya koya mini. Mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi. Mai jan labari ya ce ga dodo ya tare hanya, kai kuma ka faɗi abin da jaruminka zai yi, a jefa ƙwayar lido a ga ko ka yi nasara. Ba kuɗi a ciki, ba caca ba ce, sai da na rantse wa limamin unguwarmu a kan haka. Ni ne mai jan labari, 'yan wasana uku: Habu tela, wanda ya girme mu duka kuma ɗinki ya yi masa ƙaranci, Sale mai acaɓa, da ya jingine babur saboda tsadar mai, sai Ɗanlami, malamin firamare.

Abin da na fi so a wasan shi ne ƙago kayan tsafi da jarumai za su tsinta a hanya. Kwalin taliya nake yankawa in rubuta kowane kaya a kati guda. Na yi takobi mai haske kamar tocila. Na yi garma mai noma da kanta, da takalmin da taku ɗaya zai kai ka Zakirai, da tulun da ba ya ƙarewa (Sale ya yi ta roƙo in mai da ruwan cikinsa fetur). Ina ganin kaina wani gagarumin mai basira wanda ƙauye ya yi wa kaɗan.

An gama noman maimai, gero ya yi ciki amma bai fitar da kai ba. Duk manomi ya san wannan lokacin, gona shar, rumbu fayau. Wata safiya Inna ta sauko daga bakin rumbu tana karkaɗe hannu ta ce, "Mai Takarda, saura dami huɗu. Su za su kai mu sabon gero." Na ce, "Allah zai rufa asiri, Inna," na ci gaba da yankan kwali. Na ji maganar da kunnena, amma ban ɗauke ta ba.

Kullum daga an idar da azahar muke zama a zaurenmu, sai la'asar mu tashi. A garinmu kuwa duk wanda abinci ya tarar a zaure ya zama baƙo, kuma gidan mutunci ba ya barin baƙo ya tashi da yunwa. Inna takan tafa hannu sau biyu daga ciki, in shiga in ɗauko kwanon faten tsaki da ganyen tafasa, mu huɗu mu zagaye shi. Ni da kaina nake ɗaukowa. Idan na ce, "Inna, ke fa?" sai ta ce, "Ina azumi." In ce Allah ya karɓa, in fito ina yi wa abokaina alfahari da yawan ibadar tsohuwata.

Wata rana ina tsakar gida ina karanta katunana da ƙarfi don in ji daɗinsu, Inna na tankaɗe a gefe. Sai ta dakata.

"Duk waɗannan kayan naka kyauta ake samunsu?"

"Tsintarsu ake yi, Inna. Wasa ne."

"To ai shi ya sa ba su da daɗi. A tatsuniyoyin da kakarka ta yi mana, ba abin da aljani ke bayarwa ba tare da sharaɗi ba. Garmar nan taka ta yi noma da kanta, amma sai ta gama gonar maƙwabcinka tukuna. Takalmin kuma ya kai ka ko'ina a duniya, ban da gida. Gida sai dai ka dawo da ƙafarka."

Na saki baki ina kallonta. Wannan matar ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba, amma cikin numfashi biyu ta gyara abin da na yi wata uku ina taƙama da shi. Na ɗauko biro na ce ta ƙara mini. Ta ƙara: tabarmar da duk wanda ya zauna a kanta ba ya iya ƙarya, amma mai ita ne ke fara zama, fitilar da ke nuna ɓataccen abu, amma kowane kunnawa sai ka manta sunan mutum ɗaya. Tana faɗa tana tankaɗenta, kamar mai lissafa kayan miya. Daga ƙarshe ta ɗaga ludayin duman da ke cikin ƙwarya ta jujjuya shi.

"Sai kuma wannan. Ludayi ne da zai cika kwanon kowa, ko mutum nawa suka zo. Kwanon mai riƙe da shi ne kaɗai ba ya cikawa."

Ta dube ni ta ɗan jima. Ni kuwa kaina na kan kwali, ina sauri kada in manta kalma ɗaya. Na ce, "Inna, wannan ya fi duka." Ta ce, "Haka ne," ta koma kan rariyarta.

Na shigar da kayan Inna cikin wasa ɗaya bayan ɗaya, kuma (Allah ya yafe mini) ban taɓa cewa nata ba ne. Ɗanlami ya ce basirata ta ƙaru kwanan nan, na ce ai karatu ne. Ludayin na ɓoye shi don babbar rana.

Babbar ranar ita ce Talatar. Jarumai sun kashe macijin da ke gadin wata tsohuwar rijiya, suka sauka ƙasanta suka tarar da akwati. Daidai nan Inna ta tafa hannu, na ɗauko fate. Habu ya ce cikinsa ba daɗi, ba zai ci ba. Na ce to rabonmu ya ƙaru. Na kai loma, na zaro katin, na karanta shi da irin muryar masu shela.

Sale ya ce, "To wa zai ɗauki wannan? Ka ciyar da gari kai ka kwana da yunwa?"

Na yi dariya har fate ya kusa shaƙe ni. Na ce, "Ai tarko ne na ɗana muku. Duk wanda ya riƙe ludayin nan sakarai ne, sakarai na ƙarshe."

Habu bai yi dariya ba. Ya karɓi katin ya duba gaba da baya, ya ce, "Wa ya ƙago wannan?"

"Ni mana."

"Kai?"

"Ni, da kaina, jiya bayan sallar asuba." (Har lokaci na ƙirƙiro masa, don ƙaryar ta zauna.)

Ya ajiye katin a kan tabarma a hankali. "Yau wace rana ce?"

"Talata."

"Inna na azumi?"

"Tana yi."

"Jiya fa? Shekaranjiya fa? Asabar fa?" Ya yi ƙasa da murya. "Litinin da Alhamis muka sani. Jiya da magariba matata ta shigo aron rariya, ta tarar Inna na buɗa baki da jiƙon ƙanzo. Matar tawa ta ce ba yau aka fara ba. Ni ban sani ba sai jiya, shi ya sa na kasa sa hannu a kwanon nan. Ludayin da kake cewa ka ƙago yana cikin gidanku, kuma mu huɗun nan ne kwanukan."

Sale ya zare hannunsa daga kwano kamar ya taɓa garwashi. Ɗanlami ya sunkuyar da kai. Ni kuwa loma ce a bakina, ta ƙi haɗiyuwa, kuma ba halin tofarwa. Sai muka ji ɗan tari daga bayan katangar zaure. Katangar nan ta ƙasa ce, ko atishawa ka yi ana ji a tsakar gida. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na tashi na shiga ciki. Tukunya na gefen murhu an kankare ta tas, ga ƙanzo a ɗan kwano an zuba masa ruwa an rufe da faifai. Inna na zaune a kujerarta tana tsince tafasa. A ranar na lura da yadda wuyan hannunta ya sirance, abin da ya yi makonni a gaban idona.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ka zo ganin sakaran ne?"

Na durƙusa. Hawaye suka zubo mini, ƙato da ni. Na ce, "Inna, don Allah ki yafe mini. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ce maka dami huɗu. Na kuma ɗaga maka ludayi har gaban ido. Da wane yare kuma zan faɗa, Mai Takarda?"

"Da kin ce in daina tara mutane."

Ta jefa ganye biyu a ƙwarya. "Tun da ka dawo daga birni ba aiki, ban ji dariyarka ba sai da kuka fara wasan nan. Na ce hatsi dai ba zai ishe mu biyar ba, to gara in yi azumin in samu lada, in kuma riƙa jin ka kana dariya. Tashi, ka bar baƙi a zaure."

Ban taɓa jin na ƙanƙance kamar ranar ba, ban kuma taɓa ganin girman mutum kamar yadda na ga nata ba. Na koma zaure na faɗa musu gaskiya, cewa sharuɗɗan garmar da takalmin, da tabarmar da fitilar da ludayin duk na Inna ne, nawa takobi mai tocila da tulu ne kawai. Ɗanlami ya ce dama ya yi zargi.

Daga ranar wasa ya koma gindin darbejiyar ƙofar shagon Habu, bayan la'asar, lokacin da abinci ba zai tarar da kowa ba. Washegari matan abokaina suka shigo gaishe da Inna, kowace da ɗan ƙulli a ƙarƙashin mayafi, wai tsaraba. Ni kuma na shiga ƙwadago a gonakin mutane, takardata na hutawa a leda. Ranar da na karyo tumun farko na gasa mata, rabin dami ne ya rage a rumbu.

Abin da na koya bai da yawa. Duk kayan tsafin da zan ƙago yanzu sai na fara tambayar kaina wa zai ɗauki nauyinsa. Idan kuma wani a gidana ya ce yana azumi ranar Talata, ba na tsayawa a Allah ya karɓa, tukunya nake zuwa in buɗe.

Katin ludayin yana nan a cikin wasa, na dai daina kiransa tarko. Jarumanmu sun kashe dodanni, sun ƙetare kogin wuta, sun kwana a kukar aljanu, amma har yau ba wanda ya yarda ya riƙe shi ko na yini ɗaya. Inna ta riƙe shi mako biyar.