Askin Honorabul

Duk Jakara babu mai kishin lafiyar yara kamar Honorabul Ashafa. Tun da soja suka koma bariki aka zaɓe shi kansila, kullum neman abin ƙaddamarwa yake. Ya ƙaddamar da kwata, ya ƙaddamar da famfon da har yau iska yake kawowa. Mu kuwa 'yan unguwa, da ba ma iya ganin babbar riga mu kama bakinmu, muka raɗa masa Garkuwar Talakawa.

Sai ga labari za a zo firamaren unguwa a gwada jinin yara, a yi musu rigakafin ciwon hanta. Har da 'yan talabijin. Nan take Garkuwa ya hango kujerar ciyaman.

"Ba za a haska 'ya'yan mazaɓata da gizo a ka ba," in ji shi. "Wannan ai cin mutuncin dimokuraɗiyya ne."

Ana gobe taro ya sa wanzaminsa Shehu ya baje tabarma a ƙofar makaranta. Aski kyauta. Muka yi ta turo yara, har da waɗanda ba su taɓa ganin allon aji ba. Shehu ya wasa aska a tafin hannu, ya saki wannan kai ya cafki wancan. Don a shaida adalci, Honorabul ya sa ɗansa Nazeer a can ƙarshen layi.

Ranar taro kawuna sai sheƙi, kowanne da ɗan yankan aska. Honorabul ya karɓi jawabin da ma'aikatan lafiya suka rubuta masa. Bai duba ba, manya ba sa bita.

"Ya ku jama'ata, wannan cuta ta jini take bi. Don haka daga yau na hana," ya gyara murya, "yi wa yara aski da aska ɗaya."

Ya tsaya cak. Muka ɗauka wurin tafi ne, muka ɓarke da tafi. Shehu ya fi kowa.

Da aka watse, ya ja Hajo mai allura gefe.

"Hajiya, allurar nan tana gyara abin da ya faru jiya? Nazeer nake ji."

"A yi masa yanzu, sauran sai gwaji ya nuna, shi da duk yaran da aka yi wa askin. Ranka ya daɗe, wai wa ya kawo wanzamin nan?"

Honorabul ya gyara zaman hularsa. "Aikin 'yan adawa ne. Zan kafa kwamitin bincike."

Ya kuwa kafa. Mu ne mambobi, Shehu ne shugaba.