Yadda Za Ka Kai Surukinka Suna a Mota Mai Tafasa

Kana da tsohuwar mota wadda ta girme ka, lagiretonta na tafasa kamar tukunyar ɗanwake, ga shi ka riga ka yi wa surukinka alkawarin kai shi Doguwa sunan jikansa? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ka tabbaci za ka dawo mutuncinka ya ƙaru.

1. Kada ka saurari matarka

Nusaiba za ta ce, "Don Allah ka sa Baba a motar haya. Jiya ma a bakin masallaci ta yi ta zubar da ruwa." Ka ce mata zufa ce, kuma mai lafiya ke zufa. Tsofaffin motoci ba su da robar nan ta tara rarar ruwa. Idan ruwan ya yi zafi ya kumbura, wani siririn tiyo yake bi ya zube ƙasa a gaban kowa. Mota ce marar ɓoye-ɓoye. Ɓoyon aikinka ne.

2. Cika ta har baki

Bakanike zai ce a bar ɗan sarari a saman lagireto, a kuma sauya murfin da robarsa ta mutu. Ƙyale shi, ba surukinsa ba ne. Ɗura ruwan rijiya har ya taɓo murfi, ka ɗaure murfin da tsumma. Sa jarkokin ruwa a but, ka lulluɓe su da darduma. A gaban allurar da ke nuna zafin inji kuwa, jingine hularka.

3. Ɗauko shi a Badafi

Durƙusa ka gai da surukinka, Malam Labaran. Zai shiga gaba da babbar riga mai sitaci, ƙullin dabino a cinya, yana ta zancen Barakatu, autarsa, da ɗanta na fari. Zai ce, "Ince dai lafiyarta ƙalau, motar?" Ka ce, "Ƙalau, Baba." Kada ka ƙara komai.

4. Mayar da tafasa zumunci

Kafin Kwanar Ɗangora za ka ji ƙaurin ƙarfe. Kada kalmar mota ta fito daga bakinka. Ka ce, "Baba, ai ba ma wuce gidan Gwaggo Turai ba mu gaishe ta ba." Yana ciki suna gaisawa, kai kana waje kana jiran inji ya huce. Kada ka buɗe murfin da zafinsa, don mai ƙonanniyar fuska ba ya iya murmushin ƙarya.

A Tudun Wada ka tuna da tsohon malaminka na firamare. Ba zai gane ka ba, amma zai shimfiɗa tabarma. Da kun fito Malam Labaran zai ce, "Yaron nan akwai zumunci." Sunkuyar da kai.

5. Idan ta zaɓi gida da kanta

A Burumburum jarkokinka za su ƙare, danginka ma haka. Motar za ta yi tari, ta mutu a ƙofar wani gida mai dalbejiya, tururi na fita ta ko'ina. Gidan Ɗanasabe ne, ƙanin surukinka. Rabon su da magana tun rikicin iyakar gonar gado, rikicin da ya sa Malam Labaran ya bar garin.

Surukinka ba zai kalle ka ba. Zai ce, "Da gangan ka yi?"

Kana iya cewa mota ce ta lalace. Kada ka yi. Ka ce, "Baba, zumunci ne."

6. Riƙe buta, rufe bakinka

Ɗanasabe zai fito ya ga yayansa zaune cikin tururi. Zai daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Yaya, fito kada ka dahu."

Za su tsaya a gaban motar, kowa na kallon inji don kada ya kalli ɗan'uwansa.

"Wa ya cika ta har baki?"

"Mijin Nusaiba."

"Murfin kuma da tsumma?"

"Shi dai."

"Allah ya shirya."

"Amin."

Wannan ne abu na farko da suka yarda da shi tare tun rasuwar mahaifinsu: cewa ba ka da hankali. Kada ka kare kanka. Daga zancenka za su koma tambayar iyali, a kawo fura. Ɗanasabe zai ji Barakatu ta haihu ba wanda ya aiko masa. Zai shiga gida, ya fito da rigarsa ta fita da bokitin ruwa.

7. Isa a makare

Ratsa dajin Falgore a hankali, tsofaffin biyu a baya suna gardamar wanda ya fi iya noma a cikinsu. Za ku tarar an raɗa suna, an yanka rago, har an fara suya. Barakatu za ta ga babanta da baffanta sun fito ta ƙofa ɗaya. Za ta zauna a dakali jariri a hannu, ta yi ta kuka. Ba wanda zai tambayi dalilin makara. Za a ce kai ka shirya komai. Karɓi addu'a da hannu biyu.

Kafin ku juyo, Malam Labaran zai ja ka gefe. "Tun Kwanar Ɗangora na san ƙarya kake yi," zai ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kada ka gyara ta tukuna. Akwai ƙanwata a Bebeji, ita ma mun daɗe ba ma magana."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin injin da ya ƙone, ko rigar da sitacinta ya saki, ko dangin da za su riƙa aiko maka ka zo motarka ta mutu a ƙofar wane. Idan kuma taka ta tsaya a gidan wanda ba ya yafiya, kada ka ambaci sunana. Fito ka tura.