Shinkafar Awa Shida

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zauna a zauren surukaina a Argungu na koya wa manoman shinkafa noma, ni da ko fartanya ban taɓa riƙewa ba.

A unguwar Badariya na tashi, aikin ofis nake yi a Birnin Kebbi, kuma a lokacin wani wasan noma na waya ya kama ni kamu na gaske. Ka shuka, ka ba da ruwa, ka girbe, duka da babban yatsa. Abin ya kai in na bi ta kasuwa na ga buhunan albasa, sai in ji yatsana yana motsi zai ja su cikin rumbu. Mafi muni, na fara yarda a raina cewa na san noma (har tausayin manoma nake ji, wai ba su da tsari).

Ana haka aka sa ranar da za mu je gaisuwa wurin mahaifin Rabi, yarinyar da na shekara biyu ina nema. Mahaifin nata, Alhaji, babban manomi ne a fadama, kuma an ce bai cika son 'yan birni ba. Kawuna ne ya raka ni. Tun a mota ya ja mini kunne: "In mun shiga, ka duƙad da kai ka yi kurum. Ni ka magana. Kai naka gaisuwa, ka ji ko?"

Na ji. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaida kowa, na kafa wa tabarma ido. Dattawa huɗu ne tare da Alhaji, kuma hira ta juya kan jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka garke guda su cinye shinkafa tana gab da nuna. Kowa na faɗin ɓarnar da suka yi masa. Ni kuwa a ganina na daɗe da gama da wannan matsala. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ai Baba, abin mai sauƙi ne. Mutum-mutumi ɗaya za a kafa a kowace kusurwa. Ni tun da na yi haka ko ƙwaya ba su taɓa mini ba."

Duk dattawan suka zuba mini ido. Kawu ya danna mini gwiwa a cinya. Alhaji ya juyo, fuskarsa ta saki a karo na farko.

"Ashe manomi na! Madalla. Kwana nawa taka ka yi ta nuna?"

Nan ne ya kamata in yi tari, ko in suma. Amma kan da ya saba da wasa ya riga hankali amsawa.

"Awa shida, Baba. In an sa taki, huɗu."

Wani dattijo ya ajiye goron da yake ɓarewa. Alhaji ya ce, a hankali, "Ɗan nan, ina gonag ga take?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na zaro waya, na buɗe wasan, na miƙa. Alhaji ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, kiɗan wasan na tashi a zaure. Sannan ya nuna wa na kusa da shi wata saniya a gonar wasan.

"Malam, duba mani. Wagga saniya dariya takai?"

Dattawa suka fashe. Kawu bai yi dariya ba, ni kuma na riga na yi ban kwana da Rabi a zuciyata. Na ji baƙin ciki sosai, don ina sonta.

Da dariya ta lafa, Alhaji ya miƙo mini wayata ya ce, "Ɗiyata shinkafa ta gaskiya taka ci. Tunda ka san maganin tsuntsu, gobe da sahe ka zo fadama ka gwada muna."

Kwana uku na yi a cikin laka har gwiwa, ina kaɗa gwangwani ina ihu. Na kafa mutum-mutumina huɗu, ba na ƙarya. Kafin azahar jan-baki sun mai da ɗaya wurin hutawa. Muryata ta dushe, sauro ya yi walima da ni, na faɗa ruwa sau biyu. A rana ta uku Alhaji ya zo ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce wa Kawu, "Bai san komi ba, amma bai gudu ba. Ku turo magabata."

Yau 'ya'yanmu biyu da Rabi, kuma duk dangin Argungu Sarkin Noma suke kirana, har yara. Na koyi cewa abin da yatsana ya iya ba ni na iya ba. Yanzu a zauren Alhaji ko ƙarfe nawa aka tambaya, sai na bari wani ya fara amsawa.